Itacen Glenys Bai Shiga Doka Ba

Duk wanda ya girma a Marrakin, Glenys Tranter ce ta kai shi makaranta. Shekara ashirin da shida ta yi tana tuƙa motar 'yan makaranta a kan jar hanyar da ta ratsa gonakin alkama, kilomita tamanin da safe, tamanin da yamma. Ta san wanda ke amai in an sha kwana, ta san wanda ke ɓoye takardar sakamako a ƙarƙashin kujera. Yaran suka girma suka gaji gonakin iyayensu, suka yi gemu, amma in ta ɗaga musu murya a bakin shago har yanzu sai ka ga sun gyara tsayuwa. A garin da bai kai mutum ɗari uku ba, maganarta ta fi ta shugaban ƙaramar hukuma nauyi.

Mahaifinta, Con Mullane, ya samu filinsa ne daga gwamnati da sharaɗin zai share dajin da ke kai. Tana 'yar shekara bakwai ta hau kan tankin ruwa ta ga tarakta biyu suna jan wata ƙatuwar sarƙa a tsakaninsu, itatuwa na kwanciya a bayansu. Da suka bushe aka cinna musu wuta, aka kwana uku ba a ga rana sosai ba. Con bai taɓa jin ya yi laifi ba. Abin da aka ce ya yi ke nan, kuma alkamar shekarun farko ta kai masa har ƙugu.

Mahaifiyarta ta rasu tana da shekara goma sha huɗu, ta bar mata ƙane ɗan shekara uku, Royce. Glenys ta ajiye makaranta ta ɗauki gida. Ita ta yi masa wanka, ita ta koya masa karatu a teburin kicin, ita ta riƙa dafa wa masu askin tumaki abinci a gonakin maƙwabta har ya gama jami'a a birni. Ba ta taɓa kiransa da sunansa ba sai in ya ɓata mata rai. Auta take ce masa.

Ta auri Alby Tranter, mutum marar yawan magana, suka ci gaba da noman gonar Con. A zamaninsu ne gishiri ya fito. Saiwoyin dajin da aka share su ne suke shanye ruwan ƙarƙashin ƙasa. Alkama kuwa saiwarta ba ta kai can. Ruwan ya yi ta hauhawa shekara da shekaru, yana ɗauke da gishiri, har ya iso sama. Gonar gangare ta fara yin fari kamar an barbaɗa mata gari. Tumaki suka ƙi shan ruwan tafki. A cikin gari ma bulon coci ya fara ruɓewa daga ƙasa. Alby ya yi ta haƙa magudanai bai ga canji ba, har ranar da aka same shi a kan tarakta, injin na aiki, zuciyarsa ta tsaya. Glenys tana da shekara arba'in da huɗu.

Bayan shekara guda Royce ya zo da taswira a naɗe a hammata, da takalmin gona sabo fil wanda bai taɓa taka taki ba. Ya samu aiki da wata ƙungiya mai neman manoma su shuka mallee, ɗan gajeren dangin itacen turare, wanda shi ne ainihin dajin wurin kafin a share. Ya ture kwanon sukari ya shimfiɗa taswirar a tebur.

"Auta, kai da ko tumatir ba ka taɓa rayawa ba, yau kai za ka koya mini shuka itace?" in ji ta.

"Ki dai saurara, Glen. Layi biyu za ki shuka, ki bar filin da injin girbi zai wuce, ki sake layi biyu. Alkamarki na nan a tsakani. Itacen zai shanye ruwan da ke kawo gishiri. Duk shekara biyar a sare shi daga tushe, ya sake tofowa da kansa."

"A sare a kai ina? Gidan wa ke buƙatar itacen girki haka?"

"Tashar wutar lantarki. Jiha za ta sa doka cewa dole kamfanonin wuta su samo wani kaso na wutarsu daga abin da ba ya ƙarewa, rana ko iska ko itacen da ake sake shukawa. Duk makamashin da ya shiga jerin dokar, kamfanoni za su yi rububinsa. Mallee kuwa shi ne kan gaba, don yana gyara ƙasa."

Ta daɗe tana kallon taswirar. Sannan ya faɗi abin da ya kawo shi.

"Gona ɗaya ba ta ciyar da tashar wuta. Sai gida talatin aƙalla. Ni in na je musu, za su ce ɗan birni ya zo da surutu. Ke kuwa ba wanda zai rufe miki ƙofa."

Ba ta je wa kowa ba sai da ta fara da kanta. A ruwan watan Yuni ta dasa tsiro dubu arba'in, hannuwanta suka tsattsage don sanyi. Zomaye suka ci wasu, aku suka gutsure kan wasu, ta sake dasawa. Da suka kai gwiwa sannan ta shiga a-kori-kurarta ta fara bin gidaje.

Wanda ya fi ba ta wahala shi ne Des Kowald, maƙwabcinta na gabas, wanda bai taɓa yarda da abu a karon farko ba ko da ruwan sama ne.

"Ubana ya karya bayansa yana tumɓuke wannan itacen," in ji Des, yana jingine da shinge yana korar ƙuda. "Ke kuma kin zo in mayar da shi. In na mutu na tarar da shi, me zan ce masa?"

"Ka ce Glenys ce ta sa ka. Ya san halina."

"Wannan ƙanen naki fa? Na tuna shi yana kuka don rago ya kalle shi."

"Ba shi za ka yarda da shi ba, Des. Ni za ka yarda da ni."

Maganar da ta riƙa faɗa ke nan a kowane gida, kuma ita ce ta ci mata gida talatin da huɗu. Kowa ya ba da wani yanki na ƙasar alkamarsa. Cikin shekara shida, in ka hau dutsen bayan gari, sai ka ga korayen layuka sun ratsa ƙasar har iyakar gani.

Tashar wuta dai ba ta zo da wuri ba. Yau a ce ana jiran doka, gobe a ce an canza gwamnati. Mutane suka riƙa tsokanarta a shago: "Glen, yaushe za mu kunna fitila da itacenki?" Ita kuma ta ce, "Ranar da ka koyi yin fakin daidai." Ba ta zauna jira kawai ba. Ta kafa bututai a gonaki tana auna zurfin ruwan ƙasa duk wata, tana auna tsayin itatuwa, tana zana inda kowane layi ya bi a kowace gona. Ta cika littattafan makaranta goma sha ɗaya da ƙaramin rubutunta.

A cikin shekarun nan Royce ya bar ƙungiyar ya koma Southmark Fibre, kamfani mai manyan gandayen itacen katako a bakin teku. Glenys ta yi murna. Ta ce wa matar Des, Merle, wadda ke kula da ɗakin karatu na gari, "Yanzu namu ya shiga ciki. In ana maganar doka, akwai mai faɗa mana."

A shekara ta goma sha biyar da fara shukar, jiha ta kafa kwamitin da zai tsara jerin makamashin da za a ƙirga. Royce ya zo hutun Ista a wannan shekarar. Bayan sun ci gasasshen naman rago, ta ce ya zo ta nuna masa wani abu, suka gangara rafi da karenta. Tun da ta killace wurin ta hana tumaki shiga, tsofaffin saiwoyin da sarƙar mahaifinsu ta tsallake sun farfaɗo. Mallee na daji ya tofo a tsakanin wanda ta dasa, sun cakuɗe, ƙananan tsuntsayen da ba ta gani ba tun tana yarinya suna ta shige da fice.

"Dubi nan, Auta. Shekara hamsin suna kwance a ƙasa. Yanzu ni kaina ba na iya bambanta nawa da nasu."

Royce ya fito da waya ya ɗauki hotuna. Da zai tafi ya ce ta ara masa littattafan, kwamiti na son hujja daga manoma. Ta naɗe su a rigar matashin kai don kada ƙura ta ɓata su, ta sa masa a mota tare da kwalbar zuma.

Jerin ya fito a watan Oktoba, alkama na gab da nuna. Merle ce ta buga shi ta kawo mata. Tukar rake ta shiga. Karan hatsi ya shiga, da ɓawon 'ya'yan itace, da garin katako, har da iskar da ke tashi daga juji. Itacen da asalinsa na ƙasar ne kuwa, an ce ba za a ƙirga shi ba sai in ya fito daga gandu guda, a dunƙule, wanda bai gaza hekta ɗari ba. Duk mallee na Marrakin layi biyu-biyu ne a tsakanin alkama. Ko reshe ɗaya bai shiga ba.

Glenys ta ɗauka kuskure ne na mutanen ofis waɗanda ba su taɓa ganin gona ba. Ta kira Royce, ya ce yana cikin taro, ana dubawa, kada ta tayar da hankalinta. Ta faɗa wa maƙwabta haka, ta ce su yi haƙuri.

Bayan mako biyu Merle ta sake zuwa, amma wannan karon ba ta fito daga mota da wuri ba. Kwamitin ya saki duk takardun da jama'a da kamfanoni suka aika masa. Ta miƙa wa Glenys guda ɗaya, shafi arba'in, ta ce, "Ban nuna wa Des ba. Na ga ya kamata ke ki fara gani."

Takardar Southmark Fibre ce. A shafi na goma sha bakwai ga hoton rafinta, har da jelar karenta a gefe. A ƙarƙashi an rubuta cewa wannan wata gona ce a yankin alkama inda mai gonar da kanta ta amsa ba ta iya bambanta itacen dashe da na daji, don haka in aka ƙirga itacen layuka, an buɗe ƙofar sare dajin da ya rage a sayar da sunan dashe. Shafukan da ke biye zanen layukanta ne, gona bayan gona, an kwafe daga littattafanta don a nuna sun warwatsu yadda ba mai binciken da zai iya bin su. Masu kare daji sun ɗauki wannan hujja sun maimaita ta a tasu takardar, kwamiti kuma ya karɓa. A shafin ƙarshe ga sa hannu: R. Mullane.

Ta karanta a tsaye a bakin ƙofa. Merle ta ce ko ta dafa mata shayi, ta ce a'a. Ta je ta ba kaji abinci, ta dawo ta sake karantawa.

Washegari ta yi tuƙin awa huɗu zuwa birni da kayan gonarta a jiki. Royce ya sauko ya same ta a ƙasan benen ofishinsu, ya ja ta zuwa wani shagon shan kofi a gefe. Ta ajiye takardar a tebur a buɗe a shafin hoton.

"Royce," ta ce.

Ya kalli hoton, ya kalli titi. "Ba ƙarya na rubuta ba, Glen. Ke kika faɗa."

"Na faɗa wa ƙanena."

"Ki gane, kason da doka ta ware wa itace ba shi da yawa. In mallee ya shigo, namu ya faɗi. Mutum ɗari biyu ke aiki a masana'antarmu, su ma suna da iyali. Da ban rubuta ba, wani zai rubuta."

"Wani ba shi da littattafaina. Wani ban kai shi rafi ba." Mai kawo kofi ta ajiye ta tafi. "Abu ɗaya na zo tambaya. Ranar da ka ɗauki hoton nan, kana cin abincina, kana shafa karena, ka riga ka san abin da za ka yi da shi?"

Ya daɗe yana juya cokali a kofin da bai sa wa sukari ba.

"Na sani," in ji shi.

"Gida talatin da huɗu, Royce. Ba don kai suka shuka ba. Na ce musu su yarda da ni."

"Itacen ai bai ɓaci ba. Yana shanye ruwan, ko ba haka ba? Kun ci riba ko babu tashar wuta."

"Ka zo zauren gari ka faɗa musu haka da bakinka."

Bai ce zai zo ba. Ta ce ya hau ya kawo mata littattafanta. Ya kawo su a kwalin ofis, ta ƙirga a gabansa, sha ɗaya, ta ɗauka ta fita. A hanyar dawowa ta tsaya a gefen titi wajen wani rumbun alkama, ta kashe mota, ta zauna kusan awa guda hannuwanta a kan sitiyari. Ba kuka ta yi ba. Tana ta lissafa gidajen ne ɗaya bayan ɗaya, da abin da ta ce a kowanne.

Merle ta ce mata ba dole ta faɗa wa kowa ba, ba lallai kowa ya karanta shafi arba'in ba. Glenys ta ce a'a. Ta kira taro ranar Asabar da rana, ta tsaya a gaban zauren da ta saba raba kyautar kek mafi daɗi a bikin gona, ta ɗaga hoton. Ta ce wannan rafinta ne, maganar da ke ƙasa tata ce, zanen nata ne, sa hannun na ƙanenta ne. Ba ta rage komai ba.

Sai wani matashin manomi, Brodie Lang, wanda ta sha goge wa hanci a mota, ya miƙe.

"Kashi ɗaya cikin goma na ƙasata ke ƙarƙashin itacen nan, Misis Tranter. Shekara goma sha biyar ban girbi komai a kai ba. Ko dai kin sani, ko kuma ba ki san ɗan'uwanki ba. Wanne ne?"

"Na biyun," in ji ta.

Des Kowald bai tashi ba, daga kujerarsa ya yi magana. "Zauna, Brodie. Ubanka ne ya shuka, kai lokacin ko fartanya ba ka iya riƙewa. Ni na ce mata yaron nan ba abin yarda ba ne, kuma ni ne na fi kowa shukawa. In wauta ake rabawa, a fara da ni."

Wasu suka yi 'yar dariya, amma ba ta kai ko'ina ba. Aka watse ba a sha shayin da aka dafa ba.

Bayan girbi gida goma sha ɗaya suka ɗauko katafila. Saiwar mallee dunƙule ce kamar dutse, ba ta fita da daɗi, sai da aka yi wata biyu ana jin kukan inji daga kowace kusurwa. Suka tara suka ƙone. Glenys takan rufe tagogi in iska ta juyo da hayaƙin wajenta.

Ba wanda ya zage ta. Abin da ya faru ya fi zagi ciwo a wurinta. Gaisuwa ta gajarce. In ta shiga shago ana hira, sai a koma maganar ruwan sama. Da aka tashi neman wanda zai jagoranci neman a gyara hanyar gari, aka zaɓi wani, ba a ko tuntuɓe ta ba, ita ma ba ta ga laifinsu ba. Ta shekara uku tana rubuta wasiƙu, tana haɗawa da awon ruwanta, tana roƙon a aiko mutum ya zo ya gani da idonsa. Amsoshin duk iri ɗaya ne, ana gode mata da nuna sha'awa. Da aka sake duba dokar, aka bar jerin yadda yake.

Nata itacen yana nan. In aka tambaye ta dalili takan ce ba ta da ƙarfin cirewa, kuma da gaskiya a ciki. Gishirin gonar gangare bai koma ba, amma ya tsaya inda yake, ta gefen sama ma ana samun sha'ir a shekara mai kyau. Ta ba jikan Des hayar gonar, ta riƙe tumaki kaɗan. Tana saran ganyen mallee tana dafa shi a wata tsohuwar ganga tana tatsar mai, ta zuba a ƙananan kwalabe ta kai kasuwar Asabar, masu wucewa suna saya don mura.

Royce yakan aiko kati duk Kirsimeti. Tana buɗewa ta karanta ta sa a aljihun tebur, ba ta taɓa amsawa ba. Bara, bayan ya yi ritaya matarsa kuma ta rasu, ya kira ya ce yana so ya zo ya kwana biyu. Ta ce gidan ubansa ne, ba ta da ikon hana shi.

Ya zo ya rame, gashi duk ya yi fari. Ta shimfiɗa masa sabon zanin gado, ta gasa nama, ta fito da farantan da take ajiye wa baƙi. Suka yi maganar farashin ulu, da wanda ya mutu, da ƙungiyar ƙwallon gari da ta rasa 'yan wasa har ta haɗe da ta garin gaba. Da safiya ta biyu, suna karin kumallo, ya ajiye wuƙa ya ce, "Glen, game da waccan maganar..." Ta dubi agogo ta ce lokacin mayar da tumaki ɗaya filin ya yi, ta ɗauki hularta. Da ta dawo ya riga ya sa jakarsa a mota. Ta tsaya a bakin ƙofa har ya fita shinge.

Da yamma Merle ta biyo, wai ta kawo ƙwai, alhali kowa ya san Glenys na da kaji.

"To, ya kuka ƙare?" in ji Merle.

Glenys ta karɓi ƙwan ta jera su a kwano.

"Baƙo ne mai ladabi," ta ce. "Har kofinsa ya wanke kafin ya tafi."